Ohio State za ta je Ann Arbor ranar Asabar: ko bana za ta fita kunyar Michigan?

Baban Hafsat (Columbus):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar mai zuwa, 29 ga Nuwamba 2025, Ohio State za ta je Ann Arbor domin karawa da Michigan a ƙwallon zari-ruga ta Amurka ta jami'o'i, da ƙarfe 12 na rana agogon gabashin Amurka, wato ƙarfe 6 na yamma a Najeriya da Nijar, ƙarfe 5 a Ghana. Ƙungiyarmu ta ci wasanninta 11 na bana gaba ɗaya, ita ce ta ɗaya a jerin jami'o'in ƙasar, kofin ƙasa yana hannunta, kuma har yau ba a sami ƙungiyar da ta samu fiye da maki 16 a kanta ba. Duk da haka, idan ka zagaya garin nan na Columbus, gidan Ohio State, a wannan mako ba za ka ga alamar mutanen da ke kan gaba ba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sau huɗu a jere Michigan tana doke mu: 42 da 27 a 2021, 45 da 23 a 2022, 30 da 24 a 2023, sai kuma 13 da 10 a bara, a cikin gidanmu.

Ra'ayina shi ne ba ƙarancin gwanaye ne ya kayar da mu bara ba. Koci Ryan Day ne ya so ya nuna wa duniya cewa 'yan wasansa suna da ƙarfin ture Michigan ta tsakiya, sai ya yi ta tura masu gudu da ƙwallo wurin da masu tsaron Michigan, Mason Graham da Kenneth Grant, suke tsaye, alhali yana da Jeremiah Smith da Emeka Egbuka a gefe suna jiran a jefa musu. Yadi 77 kacal muka samu a ƙasa, kuma bayan an dawo daga hutun rabin lokaci ko maki ɗaya ba mu ƙara ba. Idan Day ya bar ƙungiyarsa ta yi wasan da ta iya, za mu ci. Idan kuwa ya sake yarda Michigan ta zaɓa masa irin wasan da za a yi, to ina jin tsoro.

Kawu Na-Detroit:
Wa alaikumus salam. Baban Hafsat, ɗana, ka faɗi gaskiya rabi ka bar rabi. Kana magana kamar Day ne ya ga dama ya zaɓi hanyar da ba ta ɓulle ba, amma ka manta cewa mai jefa muku ƙwallo, Will Howard, ya jefa ƙwallo sau biyu a hannun 'yan Michigan a wannan rana, kuma mai bugunku ya zubar da bugun sanda har biyu. Jifan ma da kake so a yi, an yi shi, bai haifar da ɗa mai ido ba. Michigan ta shiga wasan da nasara 6 da rashin nasara 5, masu hasashe suna cewa za a ci ta da ratar maki kusan 20, mai jefa mata ƙwallo Davis Warren kuma yadi 62 kawai ya samu a jifa. Da me ta ci wasan? Kalel Mullings ya yi gudun yadi 116, Dominic Zvada ya buga ƙwallon ƙarshe daga yadi 21. Fiye da shekara 20 ke nan a jere, ƙungiyar da ta fi yawan yadi a ƙasa ita ce take cin wannan wasa, ko wace ce a cikinsu. A ƙarshen Nuwamba, cikin sanyin arewacin Amurka da iskarsa, wanda ya iya ture ɗan uwansa shi ne mai wasa, kuma Day ya san haka, shi ya sa ya yi abin da ya yi.

Ɗan Fagge (Kano):
Ina gaida manya. Ni sabon shiga ne, bana na fara bin wannan ƙwallon zari-ruga ta Amurka ta intanet, saboda haka a yi mini afuwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na karanta cewa Ohio State ce ta ɗauki kofin ƙasa a kakar bara, to yaya kuma ake maganar kunya? A ƙwallon ƙafa da muka sani, wanda ya ɗauki kofi ai ba a tambayarsa wasan da ya faɗi a hanya. Kuma ina roƙon a ɗan yi mini bayanin wannan lissafin yadi da ake ta yi.

Maman Khalifa (Toledo):
Ƙanena Ɗan Fagge, bari in fara da na biyun domin shi ne mai sauƙi. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Wanda ƙwallo ke hannunsa yana da dama huɗu ya ci gaba da yadi 10, ko dai ta gudu da ƙwallon, wanda shi ne muke kira wasan ƙasa, ko kuma ta jifa. Idan ya cika yadin sai a sake ba shi dama huɗu. Kai ƙwallo ƙarshen fili, wato tocdawun, maki 6 ne, da ƙarin 1 idan an buga ta tsakanin sanduna, bugun sanda shi kaɗai kuma maki 3 ne.

Tambayarka ta farko ita ce ainihin abin da ake gardama a kai a jihohin biyu. Gaskiya ne Ohio State ta tashi daga kayen bara ta doke Tennessee da Oregon da Texas, sannan ta ci Notre Dame 34 da 23 ranar 20 ga Janairu 2025. Amma wannan gaba ta girmi kofin da nisa. An fara wasan a 1897, inda Michigan ta ci 34 da nema, kuma kafin nan ma Ohio da Michigan sun ja daga a 1835 a kan wannan gari da nake zaune, Toledo, wanda daga baya ya zama na Ohio, aka ba Michigan yankin da ke arewa da tafki a madadinsa. Har yau garin nan a rabe yake, maƙwabci da maƙwabci ba su jituwa a wannan mako. A lissafin da hukuma ta amince da shi Michigan tana da nasara 62, Ohio State tana da 51, an yi canjaras 6. Tun 1934 duk ɗan wasan Ohio State da ya doke Michigan ana ba shi ɗan ƙaramin wandon zinari na ado, kuma akwai 'yan wasan da suka ɗaga kofin ƙasa a Janairu suka bar jami'ar ba su taɓa samun wannan wando ba. Koci John Cooper ya yi shekara 13 yana cin wasanni da yawa a Columbus, amma abin da ake tuna shi da shi shi ne sau 2 kawai ya ci Michigan, aka ci shi sau 10, aka yi canjaras 1. Jim Tressel da Urban Meyer kuwa da wannan wasa suka gina sunansu, Meyer ma bai taɓa faɗuwa ba a karawa 7. Day yana da nasara 1 da rashin nasara 4, kuma nasarar ita ce ta 2019, shekararsa ta farko.

Autan Ann Arbor:
Kawu, ina bayanka a zuciya, amma a matsayina na wanda yake kallon wasanninmu a cikin filin nan, dole in ce ƙungiyarmu ta bana ba irin ta 2023 ba ce, kuma layin tsaronmu ba na bara ba ne. Graham ya tafi Cleveland a matsayin na 5 a zaɓen ƙwararru, inda ƙungiyoyin NFL ke ɗaukar 'yan wasan jami'o'i, Grant ya tafi Miami a matsayin na 13. Su ne suka toshe tsakiyar da Baban Hafsat yake kuka a kai. Sau biyu muka haɗu da ƙungiya mai ƙarfi a waje, kuma duk biyun an ci mu: Oklahoma 24 da 13, USC 31 da 13. A wasan USC ma a ƙasa aka fi wahalar da mu, wanda shi ne abin da muke taƙama da shi. Purdue, wadda ba ta ci kowa ba a Big Ten, rukunin jami'o'in da mu da Ohio State muke ciki, da ƙyar muka rabu da ita 21 da 16. A wasan Northwestern sau biyar muka ba da ƙwallo, sai bugun Zvada na daƙiƙar ƙarshe ne ya cece mu 24 da 22. Wanda ya ba Ohio State ƙwallo sau biyar ba zai kai ga bugun ƙarshe ba.

Inda nake da fata shi ne Bryce Underwood, mai jefa mana ƙwallo. Yaro ne ɗan shekarar farko daga Belleville, nan kusa da mu, wanda ya fasa zuwa LSU ya zauna gida, kuma yana da hannu da ƙafa waɗanda ba mu da su bara. Andrew Marsh, shi ma ɗan shekarar farko, ya cafi ƙwallayen yadi 189 a wasan Northwestern. Justice Haynes, mai gudu mana da ƙwallo, ya ji rauni a ƙafa, hakan asara ce babba, amma Jordan Marshall ya riƙe wurin sosai, kuma abin daɗin shi ne ɗan Cincinnati ne, wato ɗan jihar Ohio. Sai dai shi ma kafaɗarsa ta hana shi buga wasan Maryland.

Baban Hafsat (Columbus):
Auta, Allah ya yi maka albarka, ka sauƙaƙa mini aiki. Kawu, ranka ya daɗe, wannan lissafi na yadin ƙasa da ake yawan kawowa ina ganin ana karanta shi ta baya. Ƙungiyar da ke kan gaba ita ce take yawaita gudu da ƙwallo domin ta cinye lokaci, wadda ke baya kuwa dole ta yi ta jifa, saboda haka sau da yawa nasarar ce take haifar da yadin. Ka duba 2022. Ba a ƙasa Michigan ta fara karya mu ba, J.J. McCarthy ne ya yi ta jefa dogayen ƙwallaye a bayan masu tsaronmu, kuma gudun Donovan Edwards na yadi 75 da na 85 a zango na huɗu, wato na ƙarshe, suka zo, lokacin da muka tattara kowa a gaba muka bar baya a buɗe. A 2018 da muka ci 62 da 39, Dwayne Haskins ne ya yi jifan tocdawun 6. Bana mai jefa mana ƙwallo, Julian Sayin, yana kai kusan ƙwallo 8 cikin kowace 10 da ya jefa hannun mutanensa. Mai irin wannan hannu, ga Smith ga Carnell Tate, ba shi da dalilin jira sai an yi kokawa a tsakiya.

Maman Khalifa (Toledo):
Baban Hafsat, ban ƙi ta taka ba, amma akwai abu biyu da ka tsallake. Tate bai buga wasanni uku na baya ba, Smith ma bai buga wasan Rutgers ba, duk saboda rauni. Ko sun fito ranar Asabar, fitowa daban, cikakkiyar lafiya daban. Sannan Sayin bai taɓa shiga zango na huɗu ana bin sa maki ba a bana. Wasan da ya fi matsi shi ne na farko, da Texas, 14 da 7, kuma a gida aka yi shi, aka kuma riƙe masa linzami bai yi jifa da yawa ba. Filin Michigan yana ɗaukar mutum 107,601, shi ne mafi girma a Amurka. Ba na cewa yaron zai rikice, domin ya je Seattle ya ci Washington 24 da 6 cikin hayaniya, amma ba a gwada shi da irin halin da wannan wasa yake jefa mutum ba.

Ni a ganina ba Sayin ne zai yanke hukuncin wasan ba, masu tsaron Ohio State ne. Lokacin da kocin tsaro Jim Knowles ya koma Penn State aka kawo Matt Patricia, mutane da yawa sun yi gunaguni, musamman 'yan Detroit da suka tuna yadda ya kasa da ƙungiyar Lions. Ga shi kuma ƙungiyar ta rasa 'yan wasa 14 a zaɓen ƙwararru. Amma tsaron bana bai gaza na bara ba. Patricia yana ɓoye tsarinsa har sai an saki ƙwallo, Caleb Downs yana iya tsayawa a baya ko ya sauko kusa da layi, Arvell Reese da Sonny Styles kuma suna da gudun da za su bi Underwood idan ya fita da ƙwallo. Yaro ɗan shekarar farko abin da ya fi ba shi wuya shi ne ya ga abu ɗaya kafin a fara, ya tarar da wani bayan an fara. Idan Michigan ta kasa samun yadi 4 ko 5 a damar farko, ta zamana kullum tana neman yadi 8 a dama ta uku, ban ga ta inda za ta haɗa maki 20 ba.

Kawu Na-Detroit:
Hajiya, duk abin da kika lissafa an lissafa irinsa a 1969. Ohio State ta zo Ann Arbor tana riƙe da kofin ƙasa, ta ci wasa 22 a jere, 'yan jarida suna cewa babu kamarta a cikin jami'o'i. Shekara ɗaya kafin nan ta ci Michigan 50 da 14. Bo Schembechler, wanda almajirin kocin Ohio State, Woody Hayes, ne kuma shekararsa ta farko ke nan a Michigan, ya ci malaminsa 24 da 12, aka cafe wa Ohio State jifa har 6. A 1995 da 1996 ma Ohio State ba ta faɗi ko sau ɗaya ba kafin ta haɗu da mu, kuma duk biyun mun ci ta. A 1995 Tim Biakabutuka, haifaffen Kinshasa, shi kaɗai ya yi gudun yadi 313. Ba ina cewa tarihi ne zai shiga fili ya buga ba. Abin da nake cewa shi ne nauyin yana kan wanda ake cewa dole ya ci. Jami'ar da take bi tana rufe harafin M a kan allunanta duk wannan mako, wadda 'yan wasanta ba sa ko ambaton sunanmu, ita ce take shiga fili da kaya a ka. Yaranmu kuwa babu ko ɗaya a cikinsu da ya san ɗacin faɗuwa a hannun Ohio State yana sanye da rigar Michigan.

Ɗan Fagge (Kano):
Kawu, ka yi haƙuri da katsalandan. Na ga ana rubuta cewa nasarorin Michigan na shekarun nan akwai maguɗi a ciki. Mene ne gaskiyar wannan magana?

Baban Hafsat (Columbus):
Tun da an tambaya, sai a faɗa. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta yanke hukunci a Agusta 2025 cewa wani ma'aikacin Michigan, Connor Stalions, ya shirya tura mutane filayen abokan hamayya suna ɗaukar alamun da kociyoyi ke yi wa 'yan wasa, abin da doka ta hana. An ci tarar jami'ar miliyoyin daloli, an sa wa tsohon kocin Michigan, Jim Harbaugh, takunkumin shekara 10, Stalions shekara 8, koci Sherrone Moore kuma bai jagoranci wasan Central Michigan da na Nebraska ba a bana. Ba a soke nasara ko ɗaya ba, kuma wannan ya ɓata wa mutanen Columbus rai, domin mu an soke mana kakar 2010 gaba ɗaya a kan 'yan wasa da suka sayar da kayan tunawarsu. Amma ba zan fake da wannan ba. Stalions ya bar aiki kafin wasan 2023, Harbaugh ma yana dakace a ranar, aka ci mu. A 2024 an riga an fara yi wa mai jefa ƙwallo magana ta rediyon cikin hular kwano, babu alamar da za a sata, aka sake cin mu.

Autan Ann Arbor:
Yaya Baban Hafsat, na gode da wannan adalci. Akwai abin da nake so a duba, wanda yake komawa ga tambayar Ɗan Fagge ta farko. Tun da aka faɗaɗa zagayen sili-ɗaya-ƙwale zuwa ƙungiyoyi 12 a bara, Ohio State ko ta faɗi ranar Asabar za ta shiga. Mu kuwa da nasara 9 da rashin nasara 2, muna matsayi na 15, idan ba mu ci ba maganar kofi ta ƙare. A 2006, lokacin da ta ɗaya da ta biyu suka haɗu kwana ɗaya bayan rasuwar Schembechler, Ohio State ta ci 42 da 39, kuma wannan maki 3 shi ne ya raba wanda zai buga wasan ƙarshe da wanda ba zai buga ba. A 1973 an tashi 10 da 10, daraktocin wasanni na rukunin suka kaɗa ƙuri'a suka tura Ohio State gasar Rose Bowl, Michigan ta zauna gida ba tare da ta faɗi wasa ko ɗaya ba. Yanzu babu irin wannan. Ina ganin sabon tsarin ya rage wa wasan wani abu, ko da ba ma so mu faɗa.

Maman Khalifa (Toledo):
Auta, a takarda haka ne, amma abin da ya faru bayan an tashi bara bai nuna an rage komai ba. 'Yan Michigan sun je kafa tutarsu a tsakiyar filin Columbus, faɗa ya kaure har 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa, Big Ten ta ci tarar kowace jami'a dala 100,000. Mutanen da suka ɗauki wasa da sauƙi ba sa yin haka. Kuma Ohio State tana da abin nema a zahiri, domin rabonta da kofin Big Ten tun 2020, kuma cin Michigan ne zai kai ta wasan ƙarshe na rukunin a Indianapolis ranar 6 ga Disamba, inda ake sa ran za ta haɗu da Indiana wadda ita ma ba a ci ta ba. Idan kuwa Michigan ta ci, zai zama biyar a jere, abin da rabonta da shi tun shekarun 1920. Kofin Janairu ya kare Day daga masu neman a kore shi, amma bai rufe bakinsu ba.

Tun da lokaci yana tafiya, kowa ya faɗi hasashensa. Ni na ce Ohio State 24, Michigan 13, kuma za a kai hutun rabin lokaci babu ratar da ta wuce tocdawun ɗaya.

Baban Hafsat (Columbus):
Ohio State 31, Michigan 17, da sharaɗin Smith ya fito lafiya kuma a nemi shi tun a zangon farko. Idan na ga an miƙa wa mai gudunmu, Bo Jackson, ƙwallo ta tsakiya sau uku a jere a farkon wasa, zan san Day bai sauya ba.

Autan Ann Arbor:
Zuciyata tana tare da Michigan, amma lissafina ya ba Ohio State 23 da 16. Hanya ɗaya da nake gani ita ce mai tsaronmu Derrick Moore ya kai ga Sayin da wuri, mu kuma kada mu ba da ƙwallo ko sau ɗaya.

Kawu Na-Detroit:
Michigan 20, Ohio State 17, kuma Zvada ne zai sake buga ta ƙarshe. Baban Hafsat, idan an miƙa wa Jackson ƙwallon sau uku ya samu yadi 15, ina fata za ka dawo nan ka gaya mana ko Day ya sauya ko bai sauya ba. Ɗan Fagge, wasan yakan kai sa'a uku da rabi saboda tallace-tallace, ga magariba ga isha'i a ciki a wurinku, saboda haka ka shirya yadda za ka yi, kada zango na huɗu ya wuce ka.